Danja da motocin gyaran hanya: Ma'anar kalmomin da doka ke amfani da su

Dokokin hanya a Najeriya da Turanci aka rubuta su, haka ma takardar tarar da jami'i ke miƙa wa direba. Amma akasarin masu tuƙi a babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bungudu ta nufi Sakkwato, da Hausa suka koyi sana'ar, kuma da Hausa suke kiran kayanta.

Kalmar da ake faɗi a tasha takan sha bamban da abin da doka ke nufi, kuma wannan bambanci kan jawo wa direba tara, ko tsare mota, ko ma abin da ya fi haka muni. Ga bayani a kan muhimman kalmomin da suka shafi fitilun ba da hannu da motocin aikin hanya, da kuma wanda alhaki ke kansa idan aka samu matsala.

Hanyar wa ce?

Tambayar farko da lauya zai yi idan aka kawo masa batun hanya ita ce, wace gwamnati ce ke da ita.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa abubuwan da Majalisar Dokoki ta Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu. Lamba ta 11 a jerin ta ambaci ginawa da gyaran hanyoyin da majalisar ta ayyana a matsayin manyan hanyoyin tarayya, lamba ta 63 kuma ta ambaci zirga-zirga a kansu.

Daga nan ne aka samu rukuni uku. Rukunin A na gwamnatin tarayya ne, rukunin B na jihohi, rukunin C kuma na ƙananan hukumomi, waɗanda jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa kula da titunan cikin gari da fitilunsu da magudanan ruwa da tashoshin mota.

Hanyar da ta ratsa Tsafe tana rukunin farko, kuma lambarta A126. Lambar tana da ma'ana. A1 ita ce hanyar da ta taso daga Legas zuwa Sakkwato, A2 kuma ta taso daga Fatakwal ta bi ta Kaduna da Zariya da Kano. Hanyoyin da suka haɗa waɗannan biyu lambarsu na farawa da 12, wannan kuwa ita ce ta shida a cikinsu.

Saboda haka ramin da ke kan kwalta a tsakanin Wanzamai da Tsafe, ko tsakanin Kwatarkwashi da Gusau, a dokance alhakinsa na kan gwamnatin tarayya. Jiha na iya sa hannu ta gyara, amma hakan ba ya mayar da hanyar tata.

Danja

Kalmar danja aro ce daga kalmar Turanci mai nufin haɗari. Direbobi na kiran fitilar mahaɗar hanya da ita, suna kuma kiran jar fitilar bayan mota da ita. A rubuce an fi cewa fitilar ba da hannu.

A wajen doka, fitilar na cikin babban rukunin alamun hanya, tare da allunan da ake kafawa a gefen titi da layukan da ake zanawa a kan kwalta. Duk umarni ne daga hukuma, kuma saɓa wa kowane daga cikinsu laifi ne ko da babu jami'i a wurin.

An fara kafa fitilar ba da hannu a watan Disamba na 1868 a kusa da majalisar dokokin Birtaniya da ke London. Wani injiniyan jirgin ƙasa mai suna John Peake Knight ne ya ƙirƙiro ta, yana kwaikwayon alamun layin dogo. Da iskar gas take aiki, kuma ba ta jima ba ta fashe ta raunata ɗan sandan da ke sarrafa ta.

A 1914 aka kafa mai aiki da lantarki a birnin Cleveland na Amurka, mai launi biyu. A 1920 wani ɗan sanda a Detroit, William Potts, ya ƙara launi na uku a tsakiya.

Daga bisani ƙasashen duniya suka daidaita ma'anar launukan a wata yarjejeniya kan alamun hanya da aka ƙulla a birnin Vienna a 1968. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 2011. Wannan ne ya sa direban da ya tashi daga Gusau ya shiga Maraɗi zai tarar da ma'ana ɗaya, ko da yake dokar can da Faransanci take.

Launuka uku

Jar fitila na nufin a tsaya, kuma doka ta fayyace wurin tsayawar: bayan farin layin da aka zana a kan titi. Motar da ta haye layin ta tsaya a kan wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa ta riga ta saɓa, ko da ba ta shiga mahaɗar ba.

Fitila mai ruwan ɗorawa ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Direbobi da dama na ɗaukar ta a matsayin kira ga ƙara mai kafin ja ta kama. A doka ita ma umarnin tsayawa ce. Wanda aka yi wa rangwame shi ne wanda ta kama yana daf da layi, ta yadda taka burki farat ɗaya zai iya haddasa haɗari.

A inda ja da ruwan ɗorawa ke kamawa tare, ma'anarsu ita ce an kusa ba da hannu, amma ba a bayar ba tukuna.

Koriyar fitila izni ce mai sharaɗi. Idan cunkoso ya cika gaba ta yadda mota za ta maƙale a tsakiyar mahaɗa, ba a yarda ta shiga ba ko da kore ya kama. Idan kuma kibiya ce koriya, iznin ya tsaya ga masu bin inda kibiyar ta nuna.

Fitila mai ruwan ɗorawa da ke ƙyaftawa ita kaɗai na nufin a wuce da taka-tsantsan. Ja mai ƙyaftawa kuwa, wadda aka fi sawa a mahaɗar mota da jirgin ƙasa, na nufin tsayawa cak.

An kuma ƙayyade jerin launukan, ja a sama, kore a ƙasa, domin mai matsalar tantance launi ya gane da matsayin fitilar.

Hannun jami'i

Idan alamu suka ci karo da juna, akwai tsarin fifiko. Umarnin jami'in da ke ba da hannu ya rinjayi fitila, fitila kuma ta rinjayi allon da ke nuna wanda ke da ikon fara wucewa.

Watau idan kore ya kama amma ɗan sanda ya ɗaga hannu, tsayawa ce ta wajaba. Jami'an ba da hannu masu riga ruwan lemo, waɗanda jama'a ke kira 'yan yalo fifa, an kafa rundunarsu a 1975, kuma a ƙarƙashin 'yan sanda suke aiki.

Idan wuta ta ɗauke danja ta mutu, alluna da zanen kan titi ne ke aiki. A shataletale, kamar na Lalan da ke Gusau, mai shigowa ne ke dakatawa ga wanda ya riga ya shiga, watau mai tahowa daga hagunsa. Haka tsarin yake tun ranar 2 ga watan Afrilu na 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Su ma allunan, siffarsu ce ke fara magana kafin hoton da ke jiki. Mai kusurwa uku gargaɗi ne. Mai da'ira da jan baki hani ne. Shuɗi mai da'ira umarni ne na dole. Mai kusurwa huɗu bayani ne. Mai kusurwa takwas guda ɗaya ne tak, kuma ma'anarsa a tsaya.

Motocin aikin hanya

A kan buɗaɗɗiyar hanya, nesa da birni, abin da direba ya fi cin karo da shi shi ne wurin aiki: ganguna da aka jera, da allon karkata hanya, da lebura riƙe da jar tuta. A 2023 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, aikin da ya kawo manyan motocin 'yan kwangila sassa da dama na hanyar.

Jama'a kan kira kusan duk irin waɗannan motoci katafila, daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka. Masu sana'ar kuwa suna bambanta su. Gireda ce ke share ƙasa ta daidaita ta. Rola ce ke danne tsakuwa da kwalta. Tifa ce ke jigilar yashi da marmara. Tanka ce ke yayyafa ruwa. Janwe kuma ita ce ke janye motar da ta lalace.

Doka ta rarraba su ne ta fuskar lasin tuƙi. Rukunin A na babur ne. Rukunin B na ƙananan motocin gida ne. Rukunin F na tarakta da injinan noma ne, rukunin G na tirela da makamantanta, rukunin H kuma na motocin haƙa da ture ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce, gwanintar tuƙa tirela ba ta halatta wa mutum hawa gireda ba. Idan haɗari ya auku, rukunin lasin direban na cikin abubuwan farko da mai bincike da kamfanin inshora za su duba.

Launin lambar mota ma na nuna mai ita. Rubutu kore na motocin gwamnati ne, ja na motocin haya da kasuwanci, shuɗi kuma na motocin kai.

Fitilar kan rufi da jiniya

A nan ma ana yawan samun ruɗani, domin fitila mai juyawa a kan rufin mota iri biyu ce, kuma hukuncinsu daban.

Yarjejeniya ta biyu da aka ƙulla a Vienna a 1968, wadda ta shafi zirga-zirga, kuma Najeriya ta shiga a 2018, ta ware shuɗiyar fitila ga motocin da ke da fifiko idan suna kan aikin gaggawa, kamar na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motar ɗaukar marasa lafiya. Wajibi ne a kauce musu.

Mai ruwan ɗorawa kuwa ta motocin da kasancewarsu a kan hanya ke iya zama haɗari ce, kamar motar gyaran hanya, da janwe, da mai ɗauke da kayan da suka wuce kima. Gargaɗi ce ga sauran direbobi su rage gudu. Ba ta bai wa mai ita ikon keta jar danja ko korar mutane daga hanya ba.

Yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar yi wa ma'aikatan hanya sassauci a kan wasu ƙa'idoji, alal misali tsayawa a tsakiyar titi ko tafiya a hannun da ba nasu ba. Sai dai ta gindaya sharaɗi biyu: su kasance a bakin aiki, kuma su ɗauki matakan kariya. Tifar da ta sauke kaya ta kama hanyar komawa sansani, mota ce kamar kowace.

Game da jiniya, ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun taƙaita ta ga wasu manyan masu riƙe da muƙamai da kuma motocin gaggawa. Ɗan kwangila ba ya cikin jerin.

Alhakin mai aiki da na mai wucewa

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, ta 2007 ta ɗora nauyi a kan ɓangarorin biyu.

Kamfanin da ya buɗe aiki bai sa isassun alamun gargaɗi ba ya aikata laifi, kuma jadawalin dokar ya yanka masa tarar naira 50,000. Direban da ya wuce gudun da aka ƙayyade a wurin aiki shi ma ya aikata laifi na daban, mai tarar naira 3,000.

Tifar da ta ɗauko yashi ko tsakuwa ba tare da rufe su da tamfol ba, tararta naira 5,000 ce a jadawalin. Motar da kayanta suka zarce bayanta, kamar rodi ko katako, dole ta ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensu.

Akwai kuma batun ganye. Al'adar direbobi ce idan mota ta lalace a sari rassan itace a jera a kan titi. Abin da doka ta sani shi ne alama mai kusurwa uku mai ƙyalli, wadda ake ajiyewa da tazara domin mai tahowa ya hango. Rashin ta laifi ne. Barin ganye ko duwatsu a kan kwalta bayan an gyara mota kuwa na iya shiga babin tare hanya, kuma da dare tarko ne ga mai babur.

Gyara ko sake gini

A Hausa duk gyara ake cewa, amma a takardun gwamnati aikin hanya hawa-hawa ne, kuma kowane da mai yin sa.

Akwai kulawar yau da kullum: cike ramuka, da yashe kwalbati da lambatu, da sare ciyawar gefen hanya. Akwai ta lokaci-lokaci, kamar sake shimfiɗa kwalta a sama. Akwai ta gaggawa, idan ruwa ya cinye hanya ko ya karya gada. Waɗannan su ne aikin Hukumar Gyaran Hanyoyin Tarayya, FERMA, wadda aka kafa da dokar 2002.

Sake gina hanya daga tushe, ko faɗaɗa ta, ko mayar da ita tagwaye, aikin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne, kuma ta hannun 'yan kwangila ake yi. Hanyoyin tarayya sun kai kimanin kilomita 35,000.

Gyaran da aka yi wa dokar FERMA a 2007 ya tanadi a riƙa cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da dizal domin gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi ga hukumar, kashi 60 ga hukumomin jihohi. Shugabannin hukumar sun sha kokawa cewa kuɗin ba su isa hannunsu ba.

Babban abin da ke kashe kwalta shi ne lodin da ya wuce kima, kuma doka na auna shi ne da nauyin da ke kan kowane layin tayoyi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka wannan nauyi sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya kan ninka kusan sau 16.

Haruffan da ke kan takardar tara

Takardar da jami'in FRSC ke rubutawa sanarwar laifi ce, kuma kowane laifi da haruffa uku da ke wakiltarsa.

LSV na nufin saɓa wa fitila ko alama, kuma dokar 2007 ta yanka masa naira 2,000. SLV gudun wuce sa'a ne. ROB tare hanya ne. RTV bin hannun da ba naka ba ne, abin da direbobi ke kira wanwe. CSV rashin alamar gargaɗi ne. DGD tuƙin ganganci ne, mai tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Idan gangancin ya yi sanadin rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai.

Majalisa na iya sauya adadin tara, amma akwai abin da ke biye da kowane laifi bayan kuɗi, watau maki da ake rubutawa a kan lasin direba. Idan makin ya taru, ana iya dakatar da lasin ko a karɓe shi.

Iyakar gudu ma ta dogara da ma'anar kalma. A cikin gari ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 50 a awa, a babbar hanya 80, a babbar hanya ta musamman mai tagwayen layi 100. Tirela da tanka kuwa 45 ne da 50 da 60. Babbar hanyar da ta shigo tsakiyar Tsafe ko Bungudu, inda gidaje da kasuwa ke gefenta, hukuncin cikin gari ne ke hawa kanta har ta fita.

Wanda aka rubuta wa takarda na da zaɓi biyu. Ko ya biya tarar ta banki zuwa asusun gwamnati, ko ya nemi a kai shi gaban kotu, ciki har da kotun tafi-da-gidanka da akan kafa a bakin hanya. Ba a yarda jami'i ya karɓi kuɗi a hannu ba.

Wa ke da ikon tsayar da mota?

An kafa FRSC a watan Fabrairu na 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ban da ita akwai 'yan sanda, da jami'an duba lafiyar mota da aka fi sani da VIO, da hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da ZAROTA a Zamfara.

Yawan hukumomin ya sa iyakar ikon kowacce ta zama abin shari'a. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke hukuncin cewa ikon FRSC ya tsaya a kan hanyoyin tarayya, hukumar kuma ta ce za ta ƙalubalanci hukuncin. A 2025 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta yanke makamancinsa game da titunan jihar. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce jami'an VIO na birnin ba su da ikon tsayar da mota ko ƙwace ta ko cin tara.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su taɓa ikon FRSC a kan hanya irin A126 ba, tunda ta tarayya ce. Kazalika ba su sauya ma'anar fitila ko alama a ko'ina ba. Gardamar a kan wanda zai kama mai laifi take, laifin kuwa yana nan yadda yake.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kotu kuma ba ta karɓar rashin sanin doka a matsayin uzuri. Direban da aka miƙa wa takarda na da haƙƙin ya nemi a fassara masa haruffan da ke jiki, ya kuma duba sunan hukumar da ta bayar da ita. Idan kuwa haɗari ne ya auku, ko wata mota ta tare hanya, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma kiran kyauta ne.